Lamis da Fitilun Fuhais

Asabar, 3 ga Disamba, ƙarfe 7 na yamma

Yau kwana goma sha tara da na ɗauko 'yata Lamis daga asibiti. Cokali huɗu na miya ta sha da rana. Uwarta Najla ce ta ƙirga, ta zo ta gaya mini a kicin da raɗa, kamar mai ba da labarin sata.

Mijinta Bishara ya zo nan Fuhais daga Amman da ledar lemo. Ya zauna a falo awa biyu yana kallon ƙofar ɗakinta. Ba ta fito ba. Da zai tafi ya ce, "Baffa, ka ce mata na zo." Na ce ai ta ji muryarka. Ya ce, "Duk da haka ka ce mata."

Na raka shi mota, sai ga maƙwabcina Abu Ilyas a kan tsani, wayar wuta a baki, yana ɗaura fitilun Kirsimeti a barandarsa. Ya cire wayar ya ce, "Abu Ghassan, bana ka ji tsoron gasa ke nan? Gidanka sai ka ce ofishin da aka rufe!" Bai rufe baki ba ya tuna. Na ga lokacin da ya tuna. Ya sauko matakala biyu, ya sake hawa.

Najla ta ce bana ba za a rataya komai a gidan nan ba. Ban yi gardama ba.

Lahadi, 4 ga Disamba, ƙarfe 2 na rana

Ranar bikin Waliyiya Barbara. Najla ta dafa alkama da kirfa da zabibi kamar kowace shekara, ta raba wa maƙwabta. Ta ajiye wa Lamis ƙaramin kwano a bakin ƙofa. Ya dawo da rabi. Rabi ma ai ci ne.

Bayan coci na kwance ɗan gadon jaririn nan na kai shi sito. Ni na haɗa shi a watan Oktoba, na yi yini guda ina fama da takardar bayaninsa. Kwancewa minti ashirin.

Litinin, 5 ga Disamba, ƙarfe 5 na yamma

Ana ruwa. Ba na son ruwan yamma yanzu.

Laraba, 7 ga Disamba, ƙarfe 7:30 na yamma

Na kai mata shayi na tarar da ita tsaye a taga, ta ɗage labule kaɗan. Abu Ilyas ya ɗora wata barewa ta fitilu a rufin garejinsa, tana ɗaga kai tana sunkuyarwa. Na ajiye shayin zan fita, sai na ji ta ce:

"Baba, barewar nan ƙafa uku gare ta."

Na dawo na duba. Gaskiya ne, ƙafar baya ɗaya ta mutu. Magana mai kai da gindi ke nan ta farko da na ji daga bakinta tun watan jiya. Na yi kamar ba komai. Na ce ai mai ita ma da sanda yake tafiya, sun dace.

Ba ta yi dariya ba, amma ba ta saki labulen ba. Sai na ce, "Gobe in zaga da ke ki ga na sauran unguwanni?"

Ta ce, "Ba zan fito daga mota ba."

Na ce, "Wa ya ce ki fito?"

Alhamis, 8 ga Disamba, ƙarfe 7 na yamma

Mun fita. Na buɗe mata gaba, ta wuce ta shiga baya. Sau uku na wanke kujerar nan tun ranar da na kai ta asibiti a kanta.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta a garin nan, babu lungun da ban sani ba. Na bi da ita ta unguwar Alali, inda masu sababbin gidaje suke naɗe itatuwan zaitun da fararen fitilu tun daga gindi. Daga nan na gangara tsohon gari. Can kuwa kowa abin da ya samu yake ratayawa, ja da kore da shuɗi, wasu suna ƙiftawa, wasu sun gaji. An ja igiyoyin taurari daga wannan baranda zuwa waccan, sai ka ce kana wucewa a ƙarƙashin rumfar biki.

Ina satar kallonta ta madubi. Launuka suna bi ta kan fuskarta. Can ta ce, "Mu koma."

Minti goma sha huɗu. Najla tana bakin ƙofa da bargo, kamar mun dawo daga yaƙi.

Asabar, 10 ga Disamba, ƙarfe 8 na dare

Kwana uku a jere. Yau malamar makaranta ta farka a cikinta. Mun zo daidai gidan wani likitan haƙori da ya lulluɓe ginin gaba ɗaya da shuɗin fitilu, sai na ji daga baya: "Huɗu bisa goma."

Na ce, "Haba, duk wannan wahalar?"

Ta ce, "Ba shi ya yi ba, leburori ya ɗauko. Satar amsa ce."

Wata tsohuwa a tsohon gari mai tauraro ɗaya tak a taga ta samu tara. Mai gidan burodi bakwai, an cire masa maki saboda kiɗan da ke fita daga bishiyarsa. Abu Ilyas ya samu shida. Na gaya masa da muka dawo. Ya ce, "Shida? Ka ce wa malama ina ɗaukaka ƙara!" Yanzu haka ina jin shi a kan rufin gareji yana zagin barewa.

Bishara yana kirana kullum da sha biyun rana. Tambayarsa ɗaya ce: "Baffa, ta ci abinci?" Yau na ce masa har ta ba mutane maki.

Litinin, 12 ga Disamba, ƙarfe 7 na yamma

Da na sani da ban bi ta gaban coci ba.

An kafa babbar bishiya a filin, da kogon haihuwar Almasihu a gefenta, mutane sun cika. Na tsaya ina jiran masu tsallakawa. Sai aka ƙwanƙwasa gilashin baya. Umm Jiryis ce, ƙawar marigayiya uwata, wata uku tana wurin ɗanta a ƙasar waje, shekaranjiya ta dawo. Babu wanda ya gaya mata.

Lamis ta sauke gilashin, don tarbiyya.

Tsohuwar tana ta murna, ta leƙo kai har cikin mota tana dube-dube. "Barka, barka, 'yar albarka! An sauka lafiya? Me aka samu? Ina aka baro shi cikin sanyin nan?"

Ban san yadda na ja motar ba. Na san dai na bar tsohuwa tsaye da hannu a sama.

Muna isa gida Lamis ta shiga ɗaki ta murza makulli.

Talata, 13 ga Disamba, ƙarfe 6 na yamma

Ba ta fito ba.

Laraba, 14 ga Disamba, ƙarfe 6 na yamma

Ba ta fito ba. Na tayar da mota na bar ta ta yi zafi, ko za ta ji. Na kashe.

Alhamis, 15 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma

Mun yi faɗa da Najla, a kicin, da raɗa. Faɗan raɗa ya fi na ihu ciwo. Ta ce ni na jawo, yarinya tana zaune lafiya na ɗauke ta na kai ta bakin mutane. Na ce wane lafiya, a ɗaki kamar fursuna? Ta ce, "Ai kullum kai ka san lokacin da ya kamata a fita da lokacin da ya kamata a jira."

Tana faɗa ta toshe bakinta da hannu.

Na fita bayan gida na zauna a gindin zaitun. Ban san tsawon lokacin ba. Ta zo da gahawa ta ajiye a kan dutse, ta zauna kusa da ni a ƙasa, ita da gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Ta ce, "Salameh, ni ma ina wurin. Da ka faɗa, ni ma cewa na yi to."

Shekara talatin da takwas da aure, ban taɓa ganin ta zauna a ƙasa don ni ba. Sai da na ɗaga ta da hannu biyu, tana masifa wai na kusa cire mata kafaɗa.

Ɗana Ghassan ya kira daga Dubai, ya ce in ba shi ƙanwarsa. Na ce tana barci.

Asabar, 17 ga Disamba, ƙarfe 8 na dare

Ina gyara lagwanin hita da misalin biyar da rabi, sai na ga takalma a gabana. Na ɗaga kai. Lamis ce da rigar sanyi da gyalen wuya.

Ta ce, "Umm Jiryis ba ta yi laifi ba. Ka je ka gaishe ta gobe." Sannan ta ce, "Tashi mana."

Gaba ta shiga.

Mun faɗa cikin cunkoso, don ranar hutu ce, rabin mutanen Amman da na garin Salt sun zo kallon fitilu. Motoci cike da yara sun leƙo ta taga, masu gasa kastana, 'ya'yan itacen nan masu ɓawo, sun jera kurarsu, hayaƙi yana tashi cikin hasken. Na samu wuri kusa da shataletale na tsaya, na ce bari in sayo mana kastana. Ina dawowa na tarar kujerarta ba kowa.

Ashe tana can gefen hanya da wayar wasu mutane a hannu. Iyali ne daga Salt, miji da mata da kaka mai farin lulluɓi da yara biyar, sun roƙe ta ta ɗauke su hoto a ƙarƙashin taurarin. Ina isa na ji muryar da na sani, ta aji: "Kai mai jar hula, cire yatsa daga hanci. Hajiya, matso tsakiya. Ke, daina tsungulin ƙaninki, ina ganinki." Duk suka nutsu, har uban.

Kakar ta kama hannunta ta ce, "Allah ya maimaita muku, 'yata, ya faranta miki rai." Lamis ta ce amin.

Mun ci kastanar a mota, tana ƙona mana yatsu. Ta ci shida. Ban ƙirga don Najla ba, don kaina na ƙirga.

Litinin, 19 ga Disamba, ƙarfe 8 na dare

Na yi abin da ba a sa ni ba. Da Bishara ya kira da rana, ya ce, "Baffa, ina za ku bi yau?" Na gaya masa hanya da lokaci.

Muna isowa shataletale ga shi tsaye a gindin fitilar kan hanya, hannu cikin aljihu, ko rigar sanyi babu. Wawan yaro, daga wurin aiki ya taho.

Lamis ta ce, "Baba, kai ka gaya masa."

Na ce, "Ni ne."

"Wuce."

Na wuce. Amma shataletale ne, ban ɗauki kowace hanya ba, na sake zagayowa. Yana nan inda yake, yana bin motar da ido.

Ta ce, "Ya rame."

Na ce wa zai dafa masa, uwarsa tana Karak.

Zagaye na uku ɗan sandan da ke wurin ya fara hararata. Sai ta ce, "Tsaya."

Ba ta buɗe ƙofa ba. Ta sauke gilashi, ta warware gyalen wuyanta ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Lamis." Ta ce, "Ka tafi gida, za ka kamu da mura." Ta ɗage gilashin.

Na ɗauka za ta yi fushi da ni. A hanya sai ta ce, "Gobe ka ce wa Mama ta zuba masa abinci a kula, ka kai masa."

Laraba, 21 ga Disamba, ƙarfe 8:30 na dare

Yau ta ce ba ta son cunkoso, in kai ta sama. Na hau da ita tudun da ke bayan tsohon gari, inda ake ganin Fuhais gaba ɗaya. Daga can ba a gane gidan wane da na wane. Haske ne kawai ya bi gangaren kamar an zubar da garwashi. Na kashe mota.

Ita ta fara. Ta ce ba fushi take da Bishara ba. Kunyarsa take ji. Ta ce ran nan tun da hantsi ta lura shiru ya yi yawa a cikinta, amma ta ce wa kanta barci yaron yake yi, ta ci gaba da ninke kaya, ba ta gaya wa kowa ba sai da yamma. Ta ce, "Ya tafi aiki Aqaba ya bar mini abu ɗaya in kula da shi, Baba. Abu ɗaya. Da wane ido zan kalle shi?"

Na riƙe sitiyari. Fiye da wata guda maganar tana cina, ko a littafin nan ban iya rubuta ta ba. Na ce, "Da kika faɗa da yamma, wa ya ce ana ruwa, hanya ba kyau, a bari sai da safe? Ni ne. Ni direba. Da na tashi a lokacin..."

Ban iya ƙarasawa ba. Ban taɓa kuka a gaban 'ya'yana ba, ko ranar da aka binne uwata.

Ta juyo gaba ɗaya tana kallona. Ta ce, "Abin da kake ɗauke da shi ke nan? Baba, likitar ta gaya mini tun ranar farko. Ta ce ko da jirgin sama ka kai ni da yammar nan, an riga an gama. Na ɗauka an gaya maka."

Na ce, "To in haka ne, ke fa? Me ta ce game da hantsi?"

Can ta ce, "Ta ce babu wanda zai iya sani."

Na ce, "To ki bar wa Allah abin da shi kaɗai ya sani, ki bar mijinki ya yi kuka kusa da ke. Shi kaɗai yake yi a gida."

Ban sani ba ko abin da likita ta faɗa ke nan daidai, ko tausayin tsohonta ta ji. Ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba. Ta ba ni, na karɓa.

Mun zauna har gilashi ya yi hazo. Ta goge da hannun riga ta ce tana jin yunwa.

Alhamis, 22 ga Disamba, ƙarfe 3 na rana

Najla ta fito da kwalin fitilu daga sito da kanta, ta dire a gabana. Ta ce, "Igiya ɗaya, a kan ƙofa. Fara. Kada in ga mai ƙiftawa." Abu Ilyas ya riƙe mini tsani, yana ta ba ni umarni kamar shi ya ƙirƙiro lantarki.

Juma'a, 23 ga Disamba, ƙarfe 8 na dare

Lamis ce ta kira Bishara, ba ni ba.

Su biyu suka shiga baya. Na zama direba kawai. Na karkatar da madubin tsakiya sama, na kunna rediyo ƙasa-ƙasa, na bi kowane layi da ke da fitila a garin nan, wasu sau biyu. Daga baya na ji magana, ban saurara ba. Daga baya kuma na ji wani sauti daga Bishara wanda ba na so in sake ji daga bakin namiji, sai na ƙara rediyo.

Fitilar mai ta kama a tsohon gari. Na ci gaba da tafiya ina addu'a. Mun iso gida da ƙyar.

Najla ta yi wa Bishara shimfiɗa a falo. Da na fito shan ruwa na ga bargon a ninke, babu kowa a kai.

Lahadi, 25 ga Disamba, ƙarfe 5 na yamma

Ni da Najla muka je coci. Lamis ta ce ba za ta iya ba bana, na ce ba komai. Da muka dawo, ita da Bishara ba su nan. Sun bar takarda a kan tebur: sun je maƙabarta. Ba ta taɓa zuwa ba. Ranar da aka binne jaririn, tana kwance a asibiti, daga ni sai Bishara sai limamin cocinmu, akwatin kuwa a hannu ɗaya na ɗauke shi.

Sun dawo idanu jajur, takalma duk laka. Najla ba ta ce komai a kan kafet ba.

Muka zauna cin mansaf, shinkafa da naman rago. Najla tana ta tura wa Bishara nama tana cewa ya zama kamar sandar mofa. Ana cikin ci Lamis ta ajiye cokali ta ce:

"Sunansa Nadim. Mun zaɓa tun watan Agusta, muka ɓoye muku don mu ba ku mamaki. Ina so ku riƙa faɗa. Kada ku riƙa cewa abin da ya faru."

Najla ta ce, "Nadim," kamar tana ɗanɗana shi. Ni na kasa a lokacin.

Nadim. Jikana Nadim. Ga shi na rubuta.

Talata, 27 ga Disamba, ƙarfe 11 na safe

Sun tafi Amman. Najla ta cika musu but ɗin mota da abinci kamar masu ƙaura zuwa sahara. Lamis ta rungume ni a bakin mota, ta ce za ta koma makaranta bayan hutu, ta gwada ta gani. Na ce in ba ta iya ba, ɗakinta yana nan. Ta ce ta sani.

Gidan ya yi faɗi. Na shiga ɗakinta na buɗe taga, na rasa abin da na shigo yi.

Alhamis, 29 ga Disamba, ƙarfe 2 na rana

Waya ta yi ƙara muna shan shayi. Lamis ce. Ko gaisuwar kirki babu, ta ce, "Baba, ba ni Mama." Ina jin ta daga inda nake zaune. Wai Bishara ya ce zai dafa shinkafa ya ƙona tukunyar da aka ba ta ta aure, kuma yana tsaye yana gardama wai tukunyar ce ba ta da kyau. Ina jin muryarsa daga nesa yana kare kansa, tana ce masa ya yi mata shiru tana magana da uwarta.

Minti ashirin suna yi. Najla ta ajiye wayar, ta zauna, ta dube ni.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Masifa take ta zubawa." Ta goge ido da bakin gyale. "Alhamdulillahi."